Shafi Uku na Kakata

Shekarun baya, akwai lokacin da makomar tarihin ƙasar Arewa gaba ɗaya ta rataya a wuyana. Kayan aikina biro ne da wani rediyon kaset mai cin batir kamar fara.

Sabon mushe nake, wato malamin makaranta, a lakwal, makarantar bokon mishan ta Dogon Dutsi. Shugabanmu wani tsohon limamin Katolika ne, kowa Mon Per yake ce masa, har alhazan kasuwa. Ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana ɗaukar muryoyin tsofaffi don ya haɗa littafi. Ni ke sauraron kaset in rubuta a kaye, littafin rubutu, shi ya duba. Cikin tsofaffin akwai kakata ta Kore Mairuwa, wadda ta ba da labarin shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, doguwa ta hau kanta, ta nuna wa gari inda za a haƙa.

Yayana, ɗan kasuwa mai tsananin riƙo da sunna, ya ji labari. Ya same ni gida.

"Mushe, kai ne za ka sa sunan gidanmu cikin littafin bori? Da wane ido zan shiga masallaci?"

Ban yi musu ba, don ni ma ina jin kunyar abin, tawa kunyar dai mai takardar shaida ce. Sai na gyara. Na cire doguwa, na cire goge da rawa, na sa kakata ta yi addu'a ta kwanta ta yi mafarki. Shafi uku, ba ko kuskure ɗaya.

Mon Per ya karanta, ya ce, "Hausarka ta yi kyau." Bai ƙara ba.

Yana da al'ada guda da na manta. Ba ya buga maganar mutum sai an koma an karanta masa ita a gaban idonsa. Ran kasuwa muka shiga mota zuwa Kore Mairuwa. Aka shimfiɗa tabarma, ya miƙo mini kaye, ya ce jika ya fi dacewa.

Na karanta har ƙarshe. Kakata ta gyara zane.

"Maigidana," ta ce, don da haka take tsokanata, "wagga mata ɗiyar wa ta?"

"Ke ce, Kaka."

"A'a. Mutuniyar kirki ta, amma ban san ta ba." Ta juya ga Mon Per. "Malam, in waccan za ku sa, ku jira in mutu. Ni na faɗi ƙasa ran nan, bakina ya fashe, ga tabon. Ruwan da uban wanga yaro ya sha ya rayu, ba a mafarki na samo shi ba."

Mon Per ya ce, "Inna, abin da kika faɗa shi za a sa."

A hanyar dawowa na tambaye shi ko ya yarda da doguwa. Ya ce bai yarda ba, ya kuma sha faɗa mata hakan tana yi masa dariya. "Amma aikina in adana abin da ta ce. In na fara gyara mutane a takarda, gara in zauna ɗaki in ƙirƙire su, ya fi arha."

Na sake rubuta shafukan daga kaset, kalma bayan kalma. Yayana ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Tuni kakata ta rasu, Mon Per ma. Har yanzu ban san abin da ya faru da ita ranar rijiyar ba, ba kuma na neman sani. Abin da ke mini nauyi shi ne na kusa binne ta da ranta, da kyakkyawar niyya da kyakkyawan rubutu, sai wani baƙo mai wani addini ne ya sa ni na tono ta.

Littafin ya fito da maganarta cif, Mon Per ya juya ta zuwa Faransanci. A gidanmu ni kaɗai na yi lakwal, ni kaɗai ke jin Faransanci.