Gwiwar Yaya Mamman, daga Shinkafi zuwa Kaura

Ranar Laraba bayan sallar asuba na bar Zurmi a motar haya. An aiko mini cewa gwiwar yayana Mamman ta kumbura, har an sa wanzami ya zo ran Juma'a ya yi mata sakiya da ƙarfe mai zafi.

Kaura Namoda

Nan na ɗauki Bashir, ɗan farin Yaya, wanda likita ne. Sai da ni za a yi tafiyar, domin Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ya yi masa magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce.

Shinkafi

Bayan shingayen bincike muka isa da hantsi. Yaya na kan tabarma, gwiwar ta yi zafi, ba ta lanƙwasuwa. Bashir ya durƙusa ya gaishe shi. Yaya ya dube ni.

“Hwaɗa ma wanga yaro mugunya ce. Wanzami ya gani.”

“Baba Sani,” in ji Bashir, “a roƙe shi ya ba ni yini guda. In ƙarfe ya shiga gaɓar nan, ƙafar na iya lalacewa.”

Sai Yaya ya nemi sandarsa, muka kama hanya.

Kaura kuma

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, Bashir ya zuƙe ruwan gwiwar da allura ya duba a na'ura. Babu mugunya. Ya nuna mini wani farin layi a hoton, ya ce sinadarin kalsiyam ne ya daskare cikin guringuntsi kamar ƙwayoyin gishiri, abin da kan zo da tsufa. In ƙwayoyin suka zubo cikin gaɓa sai amosani ya tashi. Ba sa narkewa, amma magani na kwantar da kumburin.

Na juya zan maimaita wa Yaya, sai ya ɗaga hannu.

“Na jiya, Sani, ba kurma nike ba.” Ya juya ga wani tsoho a gadon kusa. “Malam, ka ga mai hwarar rigag ga? A gidana aka haihe shi.”

Bashir ya sunkuyar da kai.

Bayan an sallami Yaya ya koma Shinkafi, na koma Zurmi ran Alhamis da la'asar lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Da wanzami ya je ran Juma'a, aski kawai ya yi wa Yaya.