Wutsiyar Faifan Mai Firiji

Duk wanda ya tashi a layinmu ya san Mai Firiji da abu biyu: sukudireba a aljihun gaba, da kyamara a wuya. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai walda da mai facin taya, matattun firiji sun jeru a ƙofar kamar masu jiran likita. Kafin ya kwance bayan firiji sai ya ce kowa ya yi shiru, ya kara kunne ya saurari kukan injin. A nan yake gane ko gas ne ya tsiyaye ko wata waya ce ta ƙone.

Tun yana koyon aiki wuta ta taɓa jan sa, ta yi wurgi da shi cikin kwalaye. Daga ranar ya daina yarda da makunni. In ya kashe na bango sai ya ƙara danna shi, don a tabbata. Fitila, fanka, dutsen guga, komai sau biyu. Matarsa takan ce da ita ma tana da makunni, da tuni ya kashe ta sau biyu.

Matar nan ita ce Rediyo. Shi ya raɗa mata sunan tun suna sabon aure, wai ita kaɗai ce tashar da ba a ɗauke mata wuta. Tana iya yi wa yaro faɗa, tana ciniki da mai kayan miya ta taga, tana ba maƙwabciya labari, duk a numfashi guda, kuma ba wanda zai ce an bar shi a baya. Abu ɗaya ke rufe mata baki, shi ne kyamarar mijinta. Da ta ga ya ɗaga ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi tsit, ta shige kicin. Sai ya ajiye take fitowa.

Kyamarar irin mai ɗauka a kan ƙaramin faifai ce, ya saye ta lokacin da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta fara tafiya. Ba abin da bai ɗauka ba. Ranar da yara suka sa sabbin kayan makaranta, ranar da aka kawo kujerun falo, ranar da ruwan sama ya cika layi har takalman mutane suka yi iyo. Abin da ke ba shi haushi, faifan ba ya daɗewa ya cika. Ya yi ta faɗa da masu sayarwa, wai rabin faifai suke ba shi. In aka zo kallo kuwa, za a ga mutane na ɗan lokaci, daga nan sai hoto ya karkace, a yi ta ganin ƙafar tebur, ko silifas ɗinsa, ko duhun cikin jaka. Yara suka sa wa wannan ɓangaren suna wutsiya. Da wutsiya ta fara sai a cire a sa wani. Ko da akwai abin ji a ciki, wa zai ji, ga Rediyo zaune a falon tana sharhi a kan kan kowa da tafiyar kowa?

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da harshen. Hankalinta garau, idonta na nan da kaifinsa, amma magana ta tsaya. Aka ba ta cokali da kofin ƙarfe a gefen gado, in tana son abu ta buga. Mai Firiji ya bar wa yaransa shagon ya dawo gida. Mutumin da ya yi shekaru yana roƙon a yi masa shiru, ga shi ya samu, har daga ɗaki yana jin kukan firijin kicin.

Jikarsu, ɗiyar Auta, bayan ciwon aka haife ta. Wata rana tana zaune a bakin gadon tana wasa da yatsun kakarta, ta ɗago ta tambayi Mai Firiji ko dama haka aka haifi Kaka, ba murya. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce wannan da take gani ta taɓa hana unguwa guda barcin rana. Yarinyar ba ta yarda ba. Ya dubi matarsa, ita kuma ta kawar da kai ta dubi bango.

"Za ki ji ta," ya ce. "Ni na ce miki za ki ji ta."

Washegari ya juye aljihun tebur uku a tsakiyar falo, faifai suka yi tsibi. Na'urar kallon ta tsufa, in ta karɓi faifai ɗaya sai ta tofo biyu, ga shi Rediyo ba ta iya zaman falo. Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ta ce a juye su duka a kwamfutar hannu, tabilet ɗin nan da ta saya, kowa ya kalla a inda yake. Ta aro na'urar karanta faifai a wurin abokiyar aikinta, ta jona da kwamfutarta a teburin cin abinci.

Nan aiki ya tashi. Shi ke goge faifai da tsohuwar singileti, daga tsakiya zuwa baki, yana hura masa iska. Ita ke sakawa. In na'urar ta fara juyi sai ya kara kunne, ya ce wannan lafiya lau, wancan yana tari. Su zuba wa koren layin da ke nuna ci gaban aikin ido yana jan ciki a fuskar kwamfuta, in ya kai ƙarshe ya tafa kamar an ci ƙwallo. Tabilet ɗin kuwa faranti yake ce masa. Ranar da ya fara ganin Auta tana 'yar shekara guda a cikin farantin, tana tafiya tana faɗuwa, ya sa yatsa biyu ya buɗe fuskarta ta cika allon, sai da ya kira yayyenta maza duka a waya, kowa yana wurin aiki, ya ce su bar abin da suke yi su ji labari. Ya fita da shi ya nuna wa mai walda gemunsa tun yana baƙi. Ya nuna wa mai shagon layinmu ranar da aka yi wa shagonsa fenti. Har ni ya tare ni a ƙofa, ya nuna mini kaina ina gudu da guga a ka.

Sai dai cikin farantin ba shi da faɗi. Auta ta ce in za a sa komai ba zai ɗauka ba, gara ta riƙa yanke wutsiyar. Ya ce ta yanke, wa zai zauna kallon ƙafar tebur? Duk faifan da aka gama sai ya jefa a kwali. Da kwalin ya cika ya kai wa mai faci kyauta, don shi yana buga tsofaffin faifai a bayan keke da kurar ɗaukar kaya, su riƙa ƙyalli in fitilar mota ta haska.

Ana ta juyewa, tsibin yana raguwa, amma Rediyo ba ta bayyana ba. Nan gefen zani, can hannu yana miƙo kofi, can ƙeya tana shigewa kicin. Murya kam babu. Kullum da yamma yana kai mata abin da aka juye, ta kalla, ta buga kofi in ta ga yaranta, in aka zo inda ta tsere kuma ta harare shi da ido ɗaya, irin hararar wadda ta yi nasara. Jikar kuwa duk zuwan da za ta yi, tun daga ƙofa take tambaya ko an samo. Ya ce ana kan hanya. Ya daina fita nuna wa mutane farantin.

Ranar wata Asabar da hantsi, saura ɗan tsibin da bai fi a riƙe a hannu ɗaya ba, aka kira Auta daga kantin. Ta fita tsakar gida da waya a kunne, ta bar faifai yana tafiya a kwamfuta. Mai Firiji na zaune yana goge na gaba. Hoton mutane ya wuce, wutsiya ta fara, ga ƙafar tebur, ga ƙarar ana ajiye abu. Sai wata murya ta fito, tas, kamar mai ita na tsaye a bayansa.

"Malam, ka kashe abin nan?"

Wata muryar, tasa, amma ta lokacin ƙuruciya, ta amsa: "Na kashe. Sau biyu ma."

"To madalla. Zo ka ga abin da 'yarka ta yi wa labulena. Ni dai ban san wa ta gado ba, mu a gidanmu ba a cin labule."

Abin da ya fara yi, ya juya ya dubi ƙofar ɗakin matarsa. Sannan ya dubi kwamfutar. Muryar ba ta tsaya ba. Ta gama da labule ta koma kan tsadar sabulu, ta yi wa babban ɗansu faɗan wanka, ta ɗauko wata 'yar waƙa da take yi in tana shara, ta bar ta a tsakiya don ta tuna ta ɗora ruwa. Auta ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, wayar na ta magana a hannunta ba mai saurare.

Ita ta fara ganewa. Ta ɗaga yatsa ta danna iska, ta ce na farko ya kashe. Ta sake dannawa, ta ce na biyu ya tayar. Makunnin kyamara ba irin na bango ba ne, guda ɗaya ne yake kashewa yake kunnawa. Duk shekarun nan, daidai lokacin da Rediyo ta tabbata an kashe ta buɗe baki, lokacin kyamarar ke fara aiki. Suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu, har Auta ta zauna a ƙasa. Yana cikin cewa Allah ya yafe masa haƙƙin masu sayar da faifai, sai ya tuna. Abin da ke cikin faranti duk yankakke ne. Wutsiyoyin suna can cikin kwali.

Na gan shi da idona ya fito da gudu, silifas ɗaya tasa ɗaya ta matarsa, hula ta koma kan kunne. Ya tarar da mai faci a durƙushe bayan wata kura, ƙusa a baki, guduma a sama. Ya riƙe masa hannu. Mai faci ya tofar da ƙusar ya ce tsoho, a ina aka taɓa kyauta ta koma gida?

"Matata ce a ciki," in ji Mai Firiji yana haki.

Mai faci ya ɗaga faifan ya duba gaba da baya, ya ce in dai Rediyo ce a ciki, ai da ya ji. Amma ya jawo kwalin daga ƙarƙashin benci, ya karkaɗe masa ƙura da kansa. Kaɗan sun riga sun tafi, suna can suna ƙyalli a bayan kekunan mutane. Sauran ya rungumo su a ƙirji ya dawo, mai walda na bin sa yana tambayar ko gobara ce.

Aka sake aiki daga farko, wannan karon wutsiyar ake nema. Auta ta rage hotunan kujeru da na ruwan sama, ta ba ƙafar tebur wuri. Suna aikin a hankali, murya ƙasa-ƙasa, don bai gaya wa matarsa ba. Tsoro yake ji. Matar da ta yi rayuwarta tana gudun kyamara, yanzu a ce mata duk abin da ta faɗa a ɓoye yana ajiye? Ko ta ji muryar da ta rasa, abin ya dawo mata sabo? Ya yi ta jan ƙafa har ranar da jikar ta zo ta ritsa shi, ta ce ita dai ta gaji da ana kan hanya.

Ya shiga ɗakin da farantin a hannu biyu kamar mai kai wa baƙo ruwa. Ya jingina shi da matashi, yarinyar ta haye gadon, Auta ta tsaya a ƙofa. Ya danna, sau ɗaya, da ƙyar ya hana yatsan ƙarawa.

Da muryar ta fito, Rediyo ta ɗaga cokalin. Cokalin ya tsaya a sama, bai sauka kan kofi ba. Ta saurari maganar labule har ƙarshe. Da aka zo kan "mu a gidanmu ba a cin labule", sai kafaɗarta ta fara rawa, gefen bakin da ke motsi ya ɗage, dariya ta zo mata da hawaye tare. Yarinyar na kallon faranti tana kallon kakarta.

"Kaka, ashe ke mafaɗaciya ce," ta ce.

Rediyo ta ajiye cokalin ta miƙa hannun hagu. Aka matso mata da farantin. Ta yi ta jan yatsa gaba da baya, tana saurare tana wucewa, kamar mai neman wani abu a cikin akwatinta. Da ta samu, ta ɗago ta kafe mijinta da ido, ta danna.

"Malam, gyara hularka, kamar wanda aka koro."

Ya kai hannu kai. Hular kuwa a karkace take. Ya gyara, ya ce to, ya ji.

Daga nan Auta ta samo dabarar. Ta bi wutsiyoyin ta tsinto gajerun maganganu, ta jera su a fuskar farantin, kowace da ɗan hotonta, yadda yatsa ɗaya zai isa. Akwai ta ruwa, akwai ta rufe ƙofa, akwai ta kiran kowane yaro, akwai "wa ya bar mini kicin haka", akwai wani dogon tsaki da Rediyo ta dage sai an sa. Cokali da kofi suka koma kicin. An kuma hana Mai Firiji taɓa makunnin farantin, wannan doka ce ta gidan gaba ɗaya.

Yanzu in ka bi ta layinmu da safe, za ka ji muryar matashiyar mace ta taga tana cewa a rufe firijin nan, ba ƙofar falo ba ce, ka ji tsoho yana amsawa daga ciki cewa yana zuwa, a bar shi ya sha iska. Yakan fito yana yi wa mai walda ƙorafin an dawo da tashar, ba ranar hutu, bakinsa kuwa har kunne. Jiya na shiga gaishe su na tarar ya dawo daga kasuwa, yana ta lissafa mata wanda ya gani da wanda bai gani ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta lalubo wata a can ƙasan allon, wadda ba ta cika dannawa ba.

"Malam, ka ci abinci kuwa?"

Ya ce bai ci ba. Ta danna tsakin.