Gajere da Kukar Tungar Maje

Gajere dogo ne kamar gora. Kakarsa ce ta laƙaba masa sunan don tsiya, ya bi shi har furfura. A Tungar Maje, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi cikin ƙasar Maradun, babu wanda ya san Dutsen Maiki kamarsa. Tun yana kiwon awaki ya haddace shi, ya san inda santsi yake, ya san kogon zuma, har inda rema ke shan hantsi.

Da aka fara aikin madatsar Bakolori, Turawan aikin suka ɓullo da wata ɗabi'a. Ranar Lahadi sai su ɗaura manyan takalma su ce dutse za su hau, alhali ba akuyarsu ce ta ɓata ba. Mutane suka sha dariya, amma baƙo ba a ƙi shi. Mai gari ya haɗa su da Gajere, matarsa Taibatu kuma ta riƙa dama musu fura in sun sauko. Yana gaba da takalmin taya, suna biye suna haki. In an kai ƙoli sai ya miƙa hannu da alfahari ya nuna musu gari, da fadama, da babbar kukar da maƙabarta take gindinta. Ana ta cewa ruwa zai ci wurin, shi dai bai taɓa ganin gulbi ya hau tudu ya zauna ba.

A daminar ƙarshe Taibatu ta rasu, aka binne ta a gindin kuka. Ba a daɗe ba aka kwashe su zuwa wani tsandauri inda fartanya ke tsalle in an sara. Turawa suka tafi, ruwa ya haɗiye gari, bai bar komai ba sai kan kukar, rassanta a waje.

Daga nan masu hawan dutse suka zama mutanen Tungar Maje da kansu. Kowace Juma'a da safe Gajere zai ja su, tsofaffi da mata, waɗanda dā suka yi wa Turawa dariya. Da kukar yake auna komai. Ya ce wa wannan ta dubi gabas da ita kaɗan, nan ɗakinta yake. Ya nuna wa wancan gonarsa. In kowa ya gama share hawaye, sai ya koma gefe ya fuskanci rassan ya yi wa Taibatu addu'a. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, ya san inda take kwance.

Wata rana Jibo, ƙanen Taibatu, ya ce masa, "Yaya, da ka aza duwatsu biyu nan bisa su dubi kukag ga, don wata rana."

Gajere ya yi dariya. "Kuka? Kakan kakana nan ya ishe ta. Ita za ta bizne mu, Jibo."

Wanda ya tashi a gindin kuka ba ya tunanin mutuwarta. Amma kuka girma gare ta, ba ƙashi, cikinta duk laushi ne, kuma ruwa ba ya gaggawa. A damina ta huɗu zazzaɓi ya kwantar da Gajere wata biyu. Ranar da ya samu ƙafa ya hau shi kaɗai, ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga ko reshe ɗaya ba. Ya zauna har azahar yana auna wuri da ido, duk inda ya kalla daidai yake da ɗan'uwansa. Ya sauko bai gaya wa kowa ba, don tsoro da kunya.

A makon ne Malam Shehu, tsohon limaminsu, ya aiko. Jikinsa ya ƙi, idonsa ya yi rauni, yana so ya yi wa iyayensa addu'a a kan idonsa kafin ta Allah ta kasance. Jibo da Gajere suka riƙa goyonsa bi da bi har ƙoli. Jibo ya dubi ruwan, ya dubi Gajere, ya sunkuyar da kai.

"Gajere, ni ban gani nesa," in ji Malam Shehu. "Ina kuka take?"

Gajere ya ɗaga hannu ya nuna tsakiyar ruwa. "Ga ta can, Malam."

Tsohon ya fuskanci wurin ya yi doguwar addu'a, ya shafa, ya sa masa albarka. Sannan ya ce, "To, kai ma ka yi wa Taibatu tata, mu sauka."

Gajere ya ɗaga tafin hannuwansa ya tsaya. Ya rasa inda zai juya.