Mota Mai Ɗaki a Mashayar Shanu

Tururin buta na fara gani, yana fitowa ta tagar mota. Na tsaya cak da tulu a kaina har Goggo ta yi karo da ni ta baya.

A shekarar da aka jefa ƙuri'ar ko mu zauna a Najeriya ko mu bi Kamaru ne, ina aji huɗu. Na je hutu wurin Goggo a Digil, kullum da la'asar mukan gangara tafki ɗiban ruwa. Mun saba ganin motocin Turawa a Mubi a lokacin, amma ban taɓa ganin wadda ake girki a cikinta ba. Doguwa ce, fara, da ƙofa a gefe. Turawa ne a ciki, mata da miji, za su kwana. Sun kafa rumfar tamfol, sun fito da tebur da kujeru masu naɗewa, sun ɗaura igiyar shanya daga motar zuwa tsamiya. Jar safa guda ɗaya ke lilo a kai, na yi ta neman 'yar'uwarta da ido.

Akwai gado a ciki? Ina murhun? Na ƙosa in leƙa, amma ni ko malam ne ya kira sunana a aji, murya ba ta fita.

Wurin da suka zaɓa ya fi ko'ina kyau. Ƙasa a shimfiɗe har bakin ruwa, hoton duwatsu a kife cikin tafkin, babu ko ƙwayar ciyawa. Rashin ciyawar nan ne ya sa matan da ke wanki suke ta dariya.

"A mashaya suka sauka!" in ji ɗaya. "Gobe da safe shanun Fulani za su taya su shan shayi."

"To a faɗa musu mana."

"Da wane baki?"

Goggo ta sauke min tuluna. "Ke ce 'yar makaranta. Turancin da kike yi wa kajina a bayan ɗaki, yau ga masu shi. Wuce!"

Ƙafafuna suka kai ni, Turancin bai biyo ni ba. Baturiyar ta tsuguna tana murmushi, hancinta duk ɗigo-ɗigo. Sai na nuna mata ƙasa: sawun kofato a kan sawun kofato, ga busasshen kashin shanu daidai ƙafar teburinta. Na ɗora yatsu biyu a kaina kamar ƙaho. Sannan kalma biyu suka faɗo, da Turancinsu: "Gobe. Da yawa."

Ta bi burtalin shanun da ido har kan tudu, ta ƙwala wa mijin kira. Da ya gane, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Nan da nan wuri ya kacame. Goggo ta nuna musu gindin wata ɗorawa, mata suka ɗauki kujeru a ka suna guɗa, motar na bin su a hankali, ni kuma ina rungume da butar, da ɗuminta.

Da aka gama, Baturiyar ta miƙo min alewa cikin tafin hannu. Na mai da hannuwana baya. Na haɗa kalmomin a raina sau uku kafin na sake su.

"Ba alewa ba. Don Allah, bar ni in shiga in gani."