Hular da Inna ta saƙa mini

Jiya na dawo Faru hutun makaranta, na tarar da hulata ta ulu rataye a igiya, ta ƙanƙance kamar ta jinjiri. Ita ce saƙar Inna ta ƙarshe kafin rasuwarta. Takan ce ulu ruwan sanyi yake so, ba a matse shi, a inuwa ake shimfiɗa shi.

Na ce, "Gwaggo, da ruwan zafi kuka wanke ta?"

Ta ce, "To ɗiyata, dauɗar shekara biyu ruwan sanyi zai fidda ta?"

Na yi godiya. Na kasa faɗa mata ƙamshin Inna nake adanawa. Na shinshina, sabulu kawai nake ji.

Masu saƙa, don Allah, in hula ta ƙanƙance tana gyaruwa?