Duwatsun da Ruwa Ya Kwashe

Har gobe ba na mantawa da safiyar da na iske dutsen da tifa ta juye jibge a bakin tsohuwar gada, leburorina sun rungume hannu, wani tsoho kuma ya dasa kujerarsa a tsakiyar hanya. Farkon shekarun dubu biyu ne, ina hedimani a sashen ayyuka a Zuru. Ku yaran yanzu da ba ku san hedimani ba, shi ne na tsakanin injiniya da lebura: na sama ya yi masa faɗa, na ƙasa ya yi masa gunaguni.

Gadar tana kan tsohuwar hanyar da ta bi ta bayan Rikoto ta nufi ƙauyukan kan tudu. Ido biyu gare ta, ginin baka, dutse kan dutse, babu rodi ko ɗaya a jikinta. Zamanin Turawa aka gina ta, lokacin da Zuru ta zama mazaunin mulkin yankin, kuma da aikin tilas. Raba wa ƙauyuka aka yi, maza suka riƙa sauko da duwatsu daga tudu a ka. Ni asalina magini ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son gadar nan. In na zo wucewa nakan tsaya in ƙare wa ginin kallo.

Ruwan watan Agusta na shekarar ya yi gaba da kafaɗarta guda, wato bangon da ke tare ƙasar hanya a gefen gada. Shugabana Injiniya Sanusi, mutum mai sanyin magana amma ba a tanƙwara shi, ya ce a rushe ta a sa kwalbati, har ya yi maganar katafilar da za ta zo da zarar ruwa ya ɗauke. Na ce, "Yallaɓai, cikinta fa lafiya lau." Bai yi musu ba. Ya naɗe wando ya shiga ƙarƙashinta ya dudduba, ya fito ya ce, "Gaskiyarka. Amma amfanin gona na tafe, ba zan bar hanya a yanke ba. In katafila ta iske kafaɗa a tsaye, gada ta tsira. In ba haka ba, kada ka roƙe ni."

Shi ya sa na yi maza na sa aka kawo sabon dutse. Shi ya sa kuma raina ya ɓaci da na ga tsohon nan a hanya. Baba Dantani ake ce masa, tsohon soja, mutumin ƙauyen da ke hayin gadar. Na durƙusa na gaishe shi, ya nuna tulin dutsen da sandarsa.

"Hedimani, wannan dutsen na wane ne?"

"Na gwamnati ne, Baba."

"To gwamnati ta kai abinta gida. Namu yana cikin rafi."

Na ce ai dutse dutse ne. Ya girgiza kai, ya ce su a gonakinsu na kan tudu, in ruwa ya zubar da jerin duwatsun da ke tare ƙasa, ba a neman sabo. Wanda ubanka ya jera shi za ka tsinto ka mayar, don barinsa a yashe kamar ka ce wahalarsa ta banza ce. "Babana yana cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun gadar nan," in ji shi. "Har ya mutu gashi bai sake tsirowa a tsakiyar kansa ba."

Na dubi rafin. Duwatsun sun watse cikin yashi har inda ido ba ya kaiwa, leburorina kuwa ba su taka kara sun karya ba. Na ce, "Baba, wannan hanyar taka ita za ta kashe gadar. Kafin mu tsince su katafila ta iso." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Wa ya ce da leburorinka za a yi?"

Na kai wa Injiniya maganar ina jiran faɗa. Ya yi ɗan tunani ya ce ya yarda, da sharaɗi: kowane dutse sai na duba shi, mai tsagewa ba zai shiga bango ba, kuma da siminti za a ɗaure. Baba Dantani ya amince, shi ma da nasa sharaɗin, cewa masu tsagewar a binne su a bayan bangon, kada a yar.

Ran Juma'a aka yi shelar gayya a masallaci, ran Lahadi a coci. Ran Litinin kuwa, jama'a, ban taɓa ganin irinta ba. Samarin golmo, masu yi wa surukansu noma, suka zo a jere da gangunansu. Mata suka kawo kunu a manyan ƙorai. Ba wuya a gane dutsen gada, don yana da sawun sassaƙa da guntun tsohuwar farar ƙasa a jikinsa. Suna tonowa suna miƙo mini, ina ƙwanƙwasawa da guduma ina miƙa wa magina. Wanda na ƙi, sai an yi mini tsiya, wai hedimani ya fi surukin golmo zaɓe.

Kwanaki muna haka, bango ya tashi, sai babban dutsen kusurwa ya gagara samuwa, ga shi ba a rufe sama sai da shi. A ranar kuma aka aiko cewa katafila ta taso. Na ce mu sa sabo ɗaya tak, Baba ya kau da kai kamar bai ji ba. Wallahi na ji kamar in yi kuka. Matan da ke wanki can gangare ne suka cece mu, suka ce tun bayan ambaliya akwai wani faffaɗan dutse da suke bugun kaya a kai. Aka tono shi, aka ɗaure da igiya a jikin itace, samari suka saɓa. Tsohon ya dafa shi da hannu ɗaya, ya raka shi har bakin gada.

Muna cikin ɗora shi katafila ta iso, saura jeri na ƙarshe. Injiniya ya sauka ya bi bangon da kallo daga tushe har sama. Sai ya juya ya ce wa direban, "Tunda ka zo, cike mana ƙasa a bayan kafaɗar nan. A hankali, simintin ɗanye ne."

Da yamma na tarar da Baba Dantani zaune kusa da dutsen kusurwar yana shafa shi. Na ce, "Baba, an gode Allah." Ya ce, "Hedimani, babana da bulala aka sa ya ɗauko. Mu da kiɗa muka mayar. Yanzu gadar ta zama tamu."

Sabon dutsen nan magudanar ruwa muka yi da shi a cikin gari, bai yi asara ba. Gadar kuma har na yi ritaya motocin dawa na bi ta kanta. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin hanya za a turo ku wurare da yawa ku gyara abin da ba ku kuka gina ba. Ku auna, ku ƙwanƙwasa, wannan dole ne. Amma kafin ku kira tifa, ku nemi dattijon wurin ku tambaye shi wa ya ɗauko dutsen farko, don sau da yawa 'ya'yansa na nan da rai.