Labarin da na hana mahaifina ji

A lokacin ina saurayi mai jini a jika, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya karatu. Mu Kirista ne, 'yan tsiraru a Malbaza. Baba ya shiga Katolika ta hannun wani abokin aikinsa a kamfanin siminti, kuma duk abin da ya sani na addini da kunne ya ɗauke shi. Ni kuwa da na tafi cin rani Najeriya sai na koma majami'ar Furotesta, inda aka koya mini cewa Littafi Mai Tsarki kaɗai ne ma'auni, abin da babu a ciki al'adar mutane ce. Na riƙe wannan da hannu biyu, ina jin na fi kowa.

Kafin in dawo idanun Baba sun mutu. Inna ta ce kullum yana zaune a ƙofar gida yana sauraren motocin da ke fitowa daga Ƙonni. Da ya shafa jakata ya ji Littafi a ciki, murna ta kama shi. Ya roƙe ni in karanta masa labarin nan da malaminsu ya taɓa ba su, na wani tsoho mai tsoron Allah da ya makance, ɗansa ya yi tafiya mai nisa, ya dawo da matsarmamar kifi ya shafa masa a ido, ya warke. Na buɗe gaba na buɗe baya, ban gani ba. Maimakon in ce ban samu ba, sai na ɗaga murya gaban Inna da maƙwabta, na ce tatsuniyar limamansu ce, an daɗe ana yi masa wasa da hankali, in ba a rubuce yake ba kada ya ƙara kawo mini shi. Baba ya ce mini to, ai ni da na yi karatu ni ne mai ido.

Da na koma Najeriya na ba fastonmu labari ina jiran yabo. Sai ya riƙe kai. Ya ce labarin yana nan a Littafin 'yan Katolika, cikin wasu littattafai da su suka karɓa, mu ba mu lissafa su a matsayin nassi ba, kuma wannan saɓani ya girmi kakanninmu. Ya ce ko mu ba a hana mu karanta su ba. Sannan ya tambaye ni, wa ya fara gaya mini sunan Yesu, takarda ko bakin ubana. Kunya ta rufe ni.

Da damina na ari Littafin 'yan Katolika a Ƙonni, na zo na durƙusa gaban Baba na ce zan karanta masa. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce in bari, ba ya son ya sa ni saɓa wa majami'ata saboda shi. Na yi ta roƙo, ya ƙi, ba da fushi ba. Kafin a yanke gero ya rasu. Bayan an watse daga makoki Inna ta gaya mini ai ya haddace labarin tun ban fara tafiya ba. Abin da yake so shi ne ya ji shi da muryar ɗan da ya dawo.

Har yau ni Furotesta ne, ban sauya ra'ayi a kan nassi ba. Amma na gane mutum zai iya riƙe hujjarsa ba tare da ya karya zuciyar wanda ya haife shi ba. Matasa 'yan'uwana, ko wane addini kuke bi, in tsoho ya roƙe ku abu, ku fara tambayar me yake nema kafin ku fara gyara masa. Ni na karanta labarin nan sau da yawa daga baya, amma a ɗaki ni kaɗai.